Me Ya Sa Masu Kuɗi Ke Ɗari-ɗari da Sabbin Mazuban Abinci? Tambayoyi da Amsoshi

Shekaru kaɗan da suka wuce, duk wanda ya fito da mazubin abinci ya ce yana ruɓewa da kansa, ko yana hana abinci lalacewa, kafin ya rufe baki masu kuɗi sun yi masa caa. Yau kuwa sai ya yi ta rafka sallama babu mai amsawa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini, wasu daga 'yan kasuwa, wasu daga matasa masu neman wanda zai ba su jari, wasu kuma daga mutanen da aka yi wa tayin haɗa kuɗi suna neman shawara kafin su sa hannu.

Wai wace fasaha ce ake ta magana a kanta?

Ba ɗaya ba ce. Akwai robar da ake yi daga masara ko rake ko man tsirrai maimakon man fetur. Akwai kwanuka da farantai da ake curawa daga tuƙar rake. Wani kamfani a Landan mai suna Notpla yana yin nasa da ciyawar teku, har ya ci kyautar kare muhalli ta Earthshot, ta fam miliyan ɗaya, a 2022. Akwai wani ruwa da ake fesa wa 'ya'yan itace ya zame musu wata fata ta biyu. Akwai kuma buhunan da iska ba ta shiga. Duka dai abu biyu suke alkawari: ko dai abinci ya ƙara kwana bai lalace ba, ko kuma a rage sharar ledar da ta toshe mana magudanan ruwa.

Ba an ce kasuwa ce ta biliyoyin daloli ba? Me ya sanyaya wa masu jari gwiwa?

Gani ga wane ne. Kamfanoni uku na Amurka sun isa misali.

Zume ya fara ne a jihar Kalifoniya da gasa fiza ta hanyar amfani da mutum-mutumi. A 2018 kamfanin SoftBank na Japan ya danƙa masa dala miliyan 375. Da harkar fiza ta ƙi, a farkon 2020 sai ya juya akala ya koma curar mazubai daga tuƙar rake da makamantanta. A 2023 ya rufe ƙofa, kuɗin mutane suka bi ruwa.

Footprint na jihar Arizona shi ma mazuban tsirrai yake yi. A Disamban 2021 aka sanar zai shiga kasuwar hannun jari a kan ƙimar dala biliyan 1.6. Shekara guda bayan nan aka warware cinikin, bai shiga ba.

Wanda ya fi ƙona mutane shi ne Danimer Scientific na jihar Jojiya, domin shi ya shiga kasuwar, talakawan masu jari ma sun saya. Yana yin wata roba mai suna PHA, wadda ƙwayoyin halitta ke samarwa idan aka ciyar da su man kanola. A ƙarshen 2020 ya shiga kasuwa, a Fabrairun 2021 hannun jarinsa ɗaya ya haura dala 60. Wata guda bayan haka jaridar Wall Street Journal ta buga rahoto inda masana suka ce an yi ƙari a batun saurin ruɓewar robar. Daga nan farashi ya kama gangara, bai sake miƙewa ba, har a Maris 2025 kamfanin ya je kotu ya bayyana cewa ya karye.

Sai a haɗa da abin da ya faru da kuɗin ruwa. A 2020 da 2021 bashi a Amurka kusan kyauta ne, don haka masu kuɗi suna iya jiran riba shekara goma. Daga Maris 2022 babban bankin ƙasar ya yi ta ƙara kuɗin ruwa har ya haura kashi biyar cikin ɗari a 2023. Mutumin da zai ajiye kuɗinsa a takardun lamunin gwamnati ya samu kashi biyar yana barci, da wuya ka ja shi zuwa masana'antar da ba ta fara aiki ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

To ke nan fasahar ce ba ta aiki?

Yawanci tana aiki. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Bari in ba da abin da ya faru da ni. Wani lokaci na karɓo samfurin kwanukan tuƙar rake daga wani mai shigo da kaya, na kai wa wata Hajiya mai gidan abinci da muke ciniki da ita shekara da shekaru. Ta ɗauki ɗaya ta jujjuya, ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta shinshina. Sai ta ƙwala wa yarinyarta kira ta ce a zubo miyar kuka mai zafi daga kan wuta, da man shanu a kai. Ta ajiye a gabanmu muka ci gaba da hira. Bayan kusan rabin sa'a ta ɗaga ta shafa gindin kwanon, babu yoyo, ɗan laushi kawai ya yi. Ta ce, "Alhaji, kayanka na da kyau, Allah Ya sa albarka. Nawa ne?" Da na faɗi kuɗin, wanda ya ninka na robar da take saye, sai ta yi dariya ta ce, "To wa zai biya? Mai sayen shinkafa da wake ba kwano ya zo saye ba. In na ƙara masa ko naira hamsin, gobe yana shagon maƙwabciyata."

Duk bayanan da manyan masana harkar jari ke rubutawa, wannan maganar ta Hajiya suke maimaitawa da dogon Turanci. Mazubi abu ne da ake saye don a yar. Wanda ya biya kuɗinsa daban, wanda zai amfana da kyawunsa daban. Idan kwano ya ruɓe bai toshe kwata ba, unguwa ce ta amfana, amma Hajiya ce ta biya. Idan fesa wa lemo magani ya ƙara masa kwana bakwai, mai kanti da matar gida ne suka tsira daga asara, amma mai gona ko mai tattara kaya ne ya kashe kuɗin fesawar. Duk fasahar da mai biya bai ga ribarsa a aljihunsa ba, sai an tilasta masa ko an biya masa, kuma mai zuba jari ya san haka.

Ga shi kuma abokiyar takarar ba ƙaramar abokiya ba ce. Leda da roba sun shafe fiye da shekara sittin ana gyara yadda ake yin su, ana yin su a manyan masana'antu, ba su da nauyi, ba sa jin ruwa, ba sa jin mai. Duk lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi, su ma sai su ƙara araha.

Amma ai idan aka tambayi mutane suna cewa za su ƙara kuɗi don kare muhalli.

Faɗa ba wuya. A 2010 kamfanin Frito-Lay ya sa wani abin ƙwalama nasa mai suna SunChips a cikin ledar da aka yi daga tsirrai, aka yi ta yabo. Sai aka ga ledar tana da ƙara, in ka taɓa ta kamar ana yaga kwano. Mutane suka buɗe shafi a Facebook suna tsokana, ciniki ya ja baya, kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya mayar da yawancin kayan cikin tsohuwar leda. Ba tsada ba, ba guba ba, ƙara kawai. Mai jari da ya san wannan labari ba ya ɗaukar ƙuri'ar jin ra'ayi a matsayin oda.

Malam, da gaske ne waɗannan robobin suna ruɓewa?

Ya danganta da inda aka jefa su. Wadda ta fi yawa a kasuwa ita ce PLA, ta masara ko rake. Tana ruɓewa, amma sai a wurin yin taki na masana'anta inda zafi ke kai wa digiri 58 ko fiye, da danshi, na tsawon makonni. In ka jefa ta a bola ko a kwata za ta daɗe tana kallonka kamar sauran ledoji. In kuma ta shiga cikin robobin da 'yan gwangwan da masu tsintar roba ke tarawa don a narkar, sai ta ɓata musu kaya. Garuruwa da yawa, har a Turai da Amurka, ba su da isassun wuraren yin wannan taki.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. PLA tana fara laushi ne a wajen digiri 55 zuwa 60. Wanda ya taɓa buɗe bayan motar da ta wuni a rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder ya san ba nisa tsakani.

Kwanukan tuƙa kuma nasu aibun daban ne. Don kada mai ya ratsa su, kamfanoni da yawa sun riƙa sa musu wasu sinadarai da ake kira PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa sam, kuma ana danganta wasunsu da cututtuka. Denmak ta haramta su a takardun kunshin abinci a 2020, wasu jihohin Amurka suka biyo baya. Kamfanin da ya gina masana'anta a kan wancan haɗi sai da ya koma ɗakin gwaji, kuɗi na ta tafiya.

Na ga manyan kamfanoni sun ƙulla yarjejeniya da su. Wannan bai isa tabbaci ba?

A duba abin da aka sa wa hannu. Danimer yana da haɗin gwiwa da PepsiCo da kuma masu alewar Skittles, bai hana shi karyewa ba. A 2021 Coca-Cola ya gwada kwalbar takarda a Hangari, kwalabe 2,000 kacal, kuma da siririyar roba a cikinta. Kantin Tesco na Birtaniya ya gwada tsarin Loop na mayar da mazubi a wanke a sake cikawa a shaguna goma a 2021, ya dakatar a 2022. A Disamban 2024 Coca-Cola ya rage burin da ya ɗaukar wa kansa kan kunshi, har ya jingine alkawarin mazuban da ake sake amfani da su.

Ga babban kamfani, gwaji kuɗin talla ne, ko ya yi ko bai yi ba an buga sunansa a jarida. Ga ƙaramin kamfani kuwa rayuwarsa ce. Yarjejeniyar "za mu bincika tare" daban, takardar oda mai ɗauke da yawan kaya da farashi da ranar biya daban.

Kada a manta da injuna. Masana'antar da ke cika leda ɗaruruwa a minti ɗaya an saita injinta ne a kan irin ledar da ta saba. Sabuwar leda da ke yagewa, ko ba ta liƙuwa da wuri, ko take sa a rage gudun inji, manajan masana'anta ba zai so ganinta ba ko da kyauta aka ba shi.

Shin shakkar ba ta yi yawa ba? Ai akwai waɗanda suka ci nasara.

Akwai, kuma wani lokaci masu kuɗi sukan gudu daga abin da da sun yi haƙuri da sun kwashi gara. Kwalin madara da lemo na Tetra Pak da muke gani ko'ina ya fito ne daga garin Lund na Suwidin, inda Ruben Rausing ya kafa kamfanin a 1951. Ya shafe fiye da shekara goma yana cin kuɗi, har a 1965 Rausing ya sayar da uwar kamfaninsa ya riƙe wannan. Abin da ya fitar da shi kunya shi ne kwalin da ke ajiye madara watanni ba tare da firji ba. Mai kamfanin madara ya huta da motar sanyi, ya huta da wanke kwalabe da dawo da su, ya kai kayansa garuruwan da da ba ya iya kaiwa. Shi ya biya, shi ya ci riba. Haka Cowbell ya yi a Najeriya daga 1993, da ya zuba madarar gari a 'yan ƙananan ƙulli, mai shayi da ɗan makaranta da ba za su iya sayen gwangwani ba suka zama abokan ciniki.

Matsalar ita ce asusun jari na zamani yakan so ya fita da ribarsa cikin shekara bakwai zuwa goma. Harkar mazubi kuwa harkar ƙarfe ce da gini da gwajin hukumomi, ba manhajar waya ba ce da za a kwafa sau miliyan a dare ɗaya.

Ina labarin kamfanin Apeel, wanda aka yi ta yaɗawa a WhatsApp?

James Rogers ne ya kafa shi a Kalifoniya a 2012, da ɗan tallafi daga Gidauniyar Gates. Abin da yake yi wani siririn rufi ne daga kitsen tsirrai, ana fesa wa fiya da lemo, yana rage fitar ruwa da shigar iska. Ya tara dala miliyan 250 a 2020, ya sake tara wasu 250 a 2021 a kan ƙimar dala biliyan biyu. Bayan nan aka shiga sallamar ma'aikata. A 2023 kuma wasu suka ɗauko takardar gargaɗi ta wani ruwan goge-goge na Birtaniya mai irin sunan, suka yaɗa cewa ita ce ta Apeel. Ƙarya ce, amma ta zaga duniya, wasu masu kanti suka fara sanar da cewa ba sa sayar da kayan da aka fesa wa. Mu da muka ga yadda jita-jita ta tsayar da rigakafin shan inna a 2003 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Duk abin da zai taɓa abin da ake kai wa baki, amana ce jarinsa na farko.

Idan gwamnati ta haramta leda, ai kasuwa ta buɗe ke nan?

In an aiwatar. Ruwanda ta haramta ledar cefane a 2008, Kenya a 2017, kuma sun tsaya a kai. Jihar Legas ta haramta farar robar zuba abinci mai kama da soso a Janairun 2024, ta faɗaɗa zuwa wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya daga Yulin 2025. Nijar ta yi tata dokar tun 2014, amma wanda ya ratsa kasuwar Maraɗi ya san baƙar leda ba ta ji labari ba. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya na neman yarjejeniya kan sharar roba ya watse babu matsaya a Busan a ƙarshen 2024, ya sake watsewa a Janiba a Agustan 2025.

Ko inda dokar ta kama, ba lallai sabuwar fasaha ce ke cin gajiya ba. Mai abinci yakan koma wa abu mafi araha da doka ta bari, wato roba mai kauri ko takarda. Gina masana'anta a kan dokar da wani gwamna zai iya sassautawa sayen kifi ne a ruwa.

Akwai wata fasahar da ta karɓu a wajenmu?

Buhun PICS, wanda manoma ke ce wa buhu mai uku. Wani masanin ƙwari na Jami'ar Purdue, Larry Murdock, tare da masu bincike a Marwa ta arewacin Kamaru ne suka fara gwada dabarar a ƙarshen shekarun 1980. Leda biyu ne masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje. Ana zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Babu fiya-fiya, babu ƙwayar magani. A 2007 Gidauniyar Gates ta ba da kuɗin yaɗa shi a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, kamfanin Lela Agro na Kano ya shiga yin sa.

Yadda aka tallata shi ya burge ni. Ba a zo da takarda ba. An je ƙauye, manoma suka kawo nasu waken, aka ɗaure a gaban kowa. Bayan watanni aka tara jama'a a ƙofar mai gari aka kwance. Mutum ya tsoma hannu ya ɗebo wake fes, babu huji, babu gari, alhali na cikin buhun da aka saba ya zama dusa. Manomin da ya ajiye wakensa daga kaka zuwa bazara, lokacin da farashi ya tashi, shi da kansa ya ƙirga bambancin. Ga shi kuma a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, abin da ya ƙara wa buhun daraja.

Duk da haka 'yan kasuwa sun yi ɗari-ɗari da shi da farko, kuma suna da hujja. Lokacin kaka kawai ake nemansa, wanda ya sara ya makara sai kuɗinsa su kwanta shekara. Manomi mai kula yana amfani da buhu ɗaya kaka biyu ko uku, wato ba zai dawo saye da wuri ba. Jabu mai siririyar leda ya shigo yana ɓata wa na gaske suna. Kuma da ba don kuɗin tallafi sun ɗauki nauyin zagayen ƙauyuka ba, babu ɗan kasuwar da zai yi wannan wahala daga aljihunsa.

A gwada shi da akwatin roba na tumatir. Kowa ya yarda ya fi kwando, domin kwandunan da ake jibgawa a tirela daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas na ƙasa matsewa suke yi, ruwan tumatir na bin titi. Amma kwando in ya isa an gama da shi, akwati kuwa sai an dawo da shi fanko tafiyar kusan kilomita dubu. Na wa ne? Wa zai biya kuɗin dawowa? In ya ɓata a hannun dillali wa za a kama? Shi ya sa har yau kwando bai bar hanya ba.

Ina so in kafa irin wannan masana'anta a gida. Me masu jari za su fara tambayata?

Dala, wuta, da bashi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Duk wanda injinsa ko sinadarinsa daga waje yake zuwa ya ji a jikinsa. Abokin takararka mai roba kuwa yana samun ɗanyen kayansa a gida, daga Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal, ga matatar Dangote ma ta fara fitar da nata a 2025. A Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, ya tashi daga wajen naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit. Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, na bankunan kasuwanci ya fi haka.

Bayan waɗannan za su so ganin wanda ya riga ya saya da kuɗinsa ya kuma dawo ya ƙara, ba wanda aka ba kyauta ya yaba ba. Za su tambayi rajistar NAFDAC da ta SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki. In tuƙar rake ce ɗanyen kayanka, za su tambaya daga ina, domin masana'antun sukari irin na Numan suna ƙona tasu su samu wuta, ba zubarwa suke yi ba.

Mu da muke da ganye tun kaka da kakanni, me ya sa ba a zuba jari a nan?

Tambayar tana yi mini daɗi. Huhun goro yana tasowa daga kurmi a cikin ganye ya iso Kano da ɗanyensa, muddin ana buɗewa ana yayyafa ruwa ana cire wanda ya lalace. Alalen da aka dafa a ganye ya fi na leda ƙamshi, wannan ko gardama babu. Abin da ke hana mai jari shi ne ganye ba ya ajiyuwa, ba girmansa ɗaya ba, kuma inji ba ya iya naɗe shi, sai hannu. A Indiya sun samo hanya: suna busar da ganye da ɓawon wani irin kwakwa, su danna a ƙaramin inji mai zafi ya fito faranti, iyali guda ma na iya riƙe sana'ar a bayan gida. Irin wannan ba ya buƙatar dala miliyan ɗari. Inji ɗaya ne, da wanda zai tara ganye, da mai abinci guda biyar da suka yarda su karɓa duk mako. Na sake komawa wajen Hajiya da wannan maganar, ta ce in kawo ta gani, amma in taho da farashin a rubuce.